Abinci Da Maki: Dabarar Turawa Ta Rage Ƙiba

Jama'ar Zango, yau za mu ba ku labarin wata dabara ta rage ƙiba wadda 'ya'yanmu mazauna Ingila da Amurka su ke ta yi mana zancenta, har waɗansu sun sa wa iyayensu ita a cikin waya. Dabarar kuwa ita ce a ba kowane abinci maki, kamar yadda a ke sa wa haja kuɗi a kasuwa, shi mutum kuma a yanka masa makin da zai kashe kullum gwargwadon nauyinsa, misali ashirin da 'yan kai ko talatin. In ya ƙare, sai ya kama bakinsa har gobe.

Asalin abin daga wata mace ne, sunanta Jean Nidetch, a birnin Niyok na Amurka. A cikin shekarar 1961 nauyinta ya kai laba 214, watau kilo 97. Sai ta riƙa tara ƙawayenta a gidanta mako mako, kowace ta faɗi abin da ta ci, har da wanda ta ci a ɓoye. Da abin ya bunƙasa, a 1963 suka kafa kamfani mai suna Weight Watchers. Amma lissafin maki bai shiga Amurka ba sai 1997.

Ga yadda a ke yin lissafin a lokacin nan. Ƙarfin da abinci ke ba jiki likitoci na auna shi da wani ma'auni, kalori. To, kowane kalori 50 maki ɗaya ne. Kowane giram 12 na mai ko kitse a ƙara maki ɗaya. In kuwa abincin na da dusa, irin ta hatsi da wake da ganye wadda ciki ba ya narkarwa, sai a yi ɗan rangwame. Shi ke nan.

Bari mu gwada da namu. Dafaffiyar shinkafa cikin kofi guda wajen maki huɗu ce. Dafaffen ƙwai maki biyu. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko man ja kuwa ya kusa maki huɗu. Ku dubi wannan da kyau: cokali guda na mai ya yi kusan daidai da kofin shinkafa! Nan ne mu ke yin hasara ba mu sani ba. Wake da shinkafar da mu ke saye da safe a Aboabo ko Nima ba su da laifi su kaɗai. Amma kafin mai sayarwa ta miƙo ganyen, ta zuba shito, ta zuba gari da aka cuɗa da mai, ga taliya, ga soyayyen kifi, sai ka ga rabin makin yini ya tafi tun hantsi bai yi ba. Haka ƙosai: waken da ke cikinsa araha ne, man da ya sha a kasko shi ne tsadar.

Su kansu masu dabarar sun sha gyara ta. Lissafin farko ya yi wa sukari sassauci, har kwalbar lemo, wadda ke ɗauke da sukari wajen cokalin shayi takwas, ba ta wuce maki uku ba, ayaba guda kuwa biyu. Saboda haka a 2010 suka ce 'ya'yan itace ɗanye ba su da maki. A 2015 suka tsaurara wa sukari da kitse. A 2017 suka ce wake da ƙwai da kifi da ƙirjin kaza marar fata, in ba a soya ba, a ci kyauta. Ashe waken nan da waɗansunmu ke raina wa, su na cewa abincin talaka ne, shi Turawa suka ɗaukaka.

Ko dabarar na aiki? A 2011 mujallar likitoci ta Ingila, The Lancet, ta buga wani gwaji da aka yi wa mutum 772 a Ingila da Jamus da Ostareliya. Bayan shekara guda, waɗanda aka tura wurin kamfanin sun rage kilo 5.1 a tsakaici, waɗanda aka bari da shawarar asibiti kaɗai kuwa kilo 2.3. Kilo biyar ba abin buga tambari ba ne, amma ga mai hawan jini ko ciwon gwiwa ba abin yarwa ba ne. Da yawa kuma in sun daina rubutawa sai ƙibar ta komo. Shi kamfanin ma ya ga tasku tun da allurai irin su Ozempic da Wegovy suka fito, har a watan Mayu na 2025 bashi ya kai shi gaban kotu, aka sauke masa fiye da dala biliyan ɗaya, ya ci gaba da aiki.

Inda gizo ke saƙa a wurinmu shi ne, wannan lissafi an yi shi ne domin mutanen da kowa ke ci a farantinsa. Mu kuwa mutum biyar ke sa hannu a kwano ɗaya. Wa zai tsaya ƙirga loma? Ga suna, ga biki, kowanne da nasa ƙunshin da za a kawo gida. In maigida ya rage tuwo, uwargida ta ce an raina girkinta. In ya rame, 'yan majalisa su fara tambaya ko kasuwa ce ta karye ko ciwo ne ya ke ɓoyewa. Har wa yau a cikinmu akwai masu ganin tumbi shi ne shaidar arziki. Kakanninmu fatake sun ci tuwo sun ƙoshi, gaskiya ne, amma su a ƙasa su ke takowa daga Kano zuwa Salaga fataucin goro, wata da watanni su na bin jakuna. Mu kuwa daga mota sai kujerar shago a Kejetia, tun safe har magariba.

A ganinmu, tun da ba a iya ƙirgawa a bakin kwano, sai a ƙirga a bakin tukunya. Ɗan kasuwa ba a koya masa wannan. Kwalbar mai ta lita ɗaya wajen maki 240 ce bisa lissafin 1997. In gida mai mutum takwas na shanye ta cikin kwana uku, kowa ya sha maki goma ke nan kullum daga mai kaɗai. In aka ja ta ta kai kwana shida, kowa ya rage biyar, ba wanda aka hana loma, ba kuma wanda aka kunyata gaban baƙi. Haka za a yi da kwalin sukari da gwangwanin madara: a rubuta ranar da aka buɗe da ranar da ya ƙare, a nuna wa mai girki littafin, gama ita ce ma'aji.

Sai dai wanda ke shan maganin ciwon sukari, balle mai yin allurar insulin, kada ya rage tuwo ko shinkafa da kansa. Sukarin jininsa na iya faɗuwa ya suma a shago. Ya fara zuwa asibitin da ya saba, ya nuna wa likita abin da ya ke ci, a daidaita masa maganin tukuna.