Kadar Kosta Rika da Ƙwan Ungulu Guda Ɗaya

Tun daga watan Yuni na 2023, lokacin da mujallar Biology Letters ta buga bahasi a kan wata kada da aka tsare ita kaɗai shekara 16 a wani gidan ajiyar dabbobi na ƙasar Kosta Rika, wadda ta saka ƙwai 14 a shekarar 2018 alhali namiji bai kusance ta ba, labarin nan bai daina zagayowa a wayoyin jama'a ba, kuma duk zagayowar da zai yi sai an ƙara masa gishiri. Wasu sun ce alamar tashin kiyama ce, wasu sun ce duniya ta kusa wadatuwa ga barin maza, wasu kuma, abin takaici, har sun kwatanta shi da haihuwar Annabi Isa, alaihis salam. Dukkansu sun tsallake abin da masu binciken suka faɗa ƙarara, wato babu ƙwai ko ɗaya da ya ƙyanƙyashe. A cikin guda ɗaya ne kawai aka tarar da ɗan tayi mai cikakkiyar sura, shi ma matacce, wanda ƙwayoyin gadonsa suka dace da na uwar da kashi 99.9 cikin ɗari.

Mas'alar ba baƙuwa ba ce ga ma'abota ilmi. Tun a 1740 Charles Bonnet, mutumin Janeba, ya tabbatar da cewa darɓa tana hayayyafa ba tare da barbara ba, a 1845 kuma Jan Dzierzon ya bayyana cewa mazan ƙudan zuma daga ƙwan da maniyyi bai taɓa ba suke fitowa. Abin da kan faru a jikin kada ko tsuntsuwa shi ne, wata 'yar ƙwaya da ta ragu wajen halittar ƙwan sai ta koma ta haɗe da shi a gurbin maniyyi, ta yadda ɗan ba ya samun komai daga waje, duk wani aibi da ke ɓoye a jinin uwar kuwa sai ya bayyana a jikinsa. Dabbobi masu shayarwa, har da ɗan Adam, an rufe musu wannan ƙofa a ɗabi'a, domin tayinsu ba ya ginuwa sai da rabon uba da na uwa tare. Saboda haka mu'ujiza tana nan a matsayinta, mai kwatanta ta da ƙwan kada kuwa bai fahimci addinin ba, bai fahimci dabbar ba.

Akwai wani tarihi da ya kamata a tuna. Mutanen Misira na dauri, kamar yadda marubucin Girka Plutarch ya ruwaito, sun ƙudurce cewa ungulaye duka mata ne, iska ce take yi musu ciki. Camfi ne, amma sai ga shi a 2021 masana a San Diyego sun gano cewa 'ya'ya biyu na kondo, wato ƙatuwar ungulun Kalifoniya, an same su ba uba, kodayake iyayensu mata suna zaune tare da maza lafiyayyu. Duka biyun maza ne, duka biyun sun taso da rauni, ɗaya ya mutu yana wajen shekara 2, ɗayan yana wajen 8, ba wanda ya bar zuriya. Wannan tsuntsuwa da ta ragu zuwa 22 kacal a duniya a 1982, abin da ya cece ta shi ne wahalar mutanen da suka kame sauran, suka yi ta renon ƙwai ɗaya bayan ɗaya shekara da shekaru, domin kondo ba ta balaga sai ta kai wajen shekara 6, kuma a dawa ƙwai ɗaya take sakawa cikin shekara biyu.

Nan ne haƙiƙanin ilmin yake, wanda masu yaɗa labarin ba su waiwaya ba. Allah cikin hikimarSa ya ba kowace halitta ma'auninta na haihuwa da tsawon rai. Ɓera kan yi ciki na mako uku ta zubo 'ya'ya rututu, su ma kafin wata biyu sun isa haihuwa, don haka ko an kashe dubu, dubu za su maye. Giwa kuwa wata 22 take ɗauke da ciki ta haifi ɗa guda. Mai haihuwa a hankali jarinta tsawon rai ne, idan aka katse ran babba ɗaya an katse 'ya'yan shekaru masu yawa da ba su zo ba tukuna.

Ungulunmu ta gida, wadda dattawa suka sani cike da kwata da bayan kasuwa a Kano da Katsina da Maraɗi, tana cikin wannan rukuni. Ƙwai ɗaya take sakawa a shekara, ta yi kwanci wajen kwana 50, ɗan ya yi wata uku zuwa huɗu a sheƙa, bayan ya tashi ma iyaye su ci gaba da ciyar da shi. A 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sanya ta cikin halittun da ke bakin ƙarewa. A 2020 an kashe fiye da 2,000 da guba a Gini Bisau, aka sare kawunan da yawa daga cikinsu domin sayar wa masu tsafi da magani, kasuwannin Nijeriya kuwa suna cikin manyan matattarar wannan fatauci. Ina mai sayen kan ungulu don neman sa'a yake tsammanin wata za ta fito?

Indiya ta riga mu ɗanɗana rashin ungulu. Maganin dabbobi mai suna diclofenac ya hallaka fiye da kashi 95 cikin ɗari na wasu ungulayenta daga shekarun 1990, mushe ya yi ta ruɓewa a fili, karnukan sake suka yawaita, ciwon haukan kare ya ƙaru, sai a 2006 aka haramta ba dabbobi maganin, kuma har yau tsuntsayen ba su komo yadda suke a da ba, saboda ƙwai ɗaya ba ya biyan bashi da gaggawa.

Nijeriya tana da dokar kare namun dawa masu haɗarin ƙarewa tun 1985, tana da hukumar kula da bin dokokin muhalli ta NESREA, tana da cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis a Jos, amma busassun kawunan ungulu suna nan a baje a shimfiɗar masu magani da rana tsaka. Wajibi ne jami'an gandun daji su shiga kasuwannin nan, sarakunan pawa su hana zuba guba a mushe da sare manyan itatuwan da ke kewaye da kwata, malamai kuma su faɗa wa jama'a a bisa mumbari hukuncin kashe rai don camfi.