Falken Dawanau Ya Kai Iyalinsa Rijiyar Kusugu

Akwai wani falke a kasuwar hatsi ta Dawanau wanda ya daɗe yana bin hanyar Daura, yana kai masara da dawa ƙasar Damagaram, yana komowa da wake. Ya ratsa birnin Daura ba adadi, amma bai taɓa sauka ya leƙa rijiyar Kusugu ba. Ran nan ɗansa ya ce masa, "Baba, wai macijin Kusugu wa ya kashe shi?" Ya ba da amsa rabi da rabi, kunya ta kama shi. Saboda haka da aka gama kaka ya rufe rumfa wuni guda, ya ɗauki mahaifiyarsa da uwargida da yara, da wansa, wanda yake malamin zaure ne.

Suka tashi da hantsi, ba gaggawa. Suka ratsa Ɗambatta, suka ɗan huta a Kazaure, garin Ɗantunku, yara suna kallon duwatsu da ruwa. Azahar ta yi musu a Daura.

Rijiyar tana cikin gini, an killace bakinta. Mai tsaronta ya ba su labarin kamar yadda mutanen gari suka gāda. Watau Bayajida ya fito daga Bagadaza, ya zauna Barno, ya biyo ta Gaya inda maƙera suka ƙera masa wuƙa. Ya iso Daura da dare, ya sauka gidan wata tsohuwa Ayana, ya roƙi ruwa. Ta ce ba a ɗiba sai ran Juma'a, don wani maciji mai suna Sarki. Ya tafi ya sare kansa, sa'an nan ya auri Magajiya Daurama, ta haifi Bawo, daga nan Hausa Bakwai suka tsiro.

Tsohuwa kuwa tun daga gida ta zo da jarka, tana son ruwan don ciwon ƙafa. Malam ya ce, "Iya, ruwa ne mai tsarki, ki sha, amma waraka ta Allah ce." Ya juya ga yara ya ce labarin nan na baka ne, ba shi da isnadi, kuma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kawo wata ruwaya dabam a Infaƙul Maisuri, cewa Bawo bawan Sarkin Barno ne. Mai tsaro bai ji daɗin haka ba, amma ya yi shiru don girman furfura.

Da la'asar suka tsaya ƙofar fada. A nan zance ya fi tabbata. Wajen 1805 Malam Isiyaku ya ci Daura da tutar Shehu, sarakunan Haɓe suka fita, zuriyarsu ta zauna Zango da Ɓaure. Da Turawa suka zo suka mai da sarauta hannun Malam Musa na tsohon gida, abin da ba su yi a Kano ko Zazzau ba. Ɗansa Abdurrahman ya yi sarauta daga 1911 har 1966.

Suka kamo hanya kafin magariba, Iya ta riƙe jarkarta tsakanin ƙafafu. Yaro yana lissafa Hausa Bakwai da yatsu, Daura, Kano, Katsina, Zazzau, Gobir, Biram, sai ya kakare. Uban ya ce, "Rano fa, inda nake sayen masara?"