Tarakta Mai Esi: Hutun da Manoman Amurka Suka Fara Ƙi

Ka taɓa cin karo da bidiyon nan a TikTok? Manomi zaune cikin tarakta, gilashi a rufe, esi na busawa. Wataƙila ka ce, "Kai, wannan ai hutu ne, ba noma ba." To, manoman Amurka ma haka suka ɗauka da farko.

A 1938 kamfanin Minneapolis-Moline ya fito da tarakta samfurin UDLX mai rufaffen ɗakin direba, da hita, da rediyo. Tana gudun mil 40 a awa, ka gama huɗa ka shiga gari da ita. Amma ta yi tsada, kuma ana ganin jarumin manomi ba ya gudun rana. Kusan guda 150 kawai aka ƙera.

Manoma suka ci gaba da zama a fili. Ƙura na shiga huhu, ƙarar inji na kashe kunne, in tarakta ta kife ta danne direba. A 1959 ƙasar Suwidin ta wajabta sa ƙarfen kariya a sababbin taraktoci. Ɗakunan gilashi kuwa sun zo da tasu matsalar, domin da rana ciki kamar tanda yake. Nan esi ya samu shiga. A 1972 kamfanin John Deere ya fito da Sound-Gard, ɗaki mai rage ƙara wanda ake sa wa esi.

In ka sake ganin bidiyon, kar ka yi saurin kiran mutumin malalaci. Kunnensa da huhunsa yake tserarwa.