Ɗan Fashin da Ya Shafa Lemon Tsami a Fuska

A watan Janairun 1995 wani ɗan fashi ya kutsa bankuna biyu a yankin Pittsburgh na Amurka da rana tsaka, fuskarsa a buɗe, ko ƙyalle bai rufa ba. Da aka haska hotonsa a labaran talabijin, nan da nan ya shiga hannu. Ya sha mamaki ƙwarai, domin ya shafe fuskarsa da ruwan lemon tsami. Ana yin rubutun sirri da wannan ruwa, wanda ba ya bayyana sai takarda ta ji zafi, shi kuwa sai ya gaskata cewa kyamara ma ba za ta gan shi ba.

Labarin ya ja hankalin David Dunning, wanda a lokacin malamin nazarin halayyar ɗan Adam ne a Jami'ar Cornell. Shi da ɗalibinsa Justin Kruger suka yi wa ɗalibai jarrabawa kan nahawu da mandiƙi da gane barkwanci, sannan suka ce kowa ya kimanta matsayinsa a cikin tsararrakinsa. Sakamakon ya fito a 1999. Waɗanda suka zo a ƙasa, idan aka jera mutum 100, sun fi mutum 12 ne kacal, amma a zatonsu sun sha gaban 62. Gwanayen kuwa sun rage wa kansu matsayi, suna ganin abin da ya zo musu da sauƙi haka yake ga kowa.

Ba girman kai ba ne zalla, kuma a nan abin yake da ban tausayi. Ilimin da mutum ke buƙata ya gina jimla daidai, shi ne dai yake buƙata ya gane ta karye.

Tun a 1981 wani mai bincike, Ola Svenson, ya ga makamancin haka a tuƙi: kashi 93 cikin 100 na Amurkawan da ya tambaya sun ce sun fi rabin direbobi ƙwarewa.

Wasu masana sun yi jayayya cewa wani ɓangare na giɓin da Dunning da Kruger suka gano tsakanin zaton ɗalibai da sakamakonsu daga yanayin lissafi ya taso, kuma hujjarsu tana da nauyi. Sai dai gwajin ƙarshe na Dunning da Kruger ya fi jan hankali. Sun ba wasu daga cikin masu rauni ɗan horo kan mandiƙi, suka mayar musu da takardunsu su sake dubawa. Wannan karon suka ga kurakuransu da idonsu, suka kuma sauko da makin da suka ba kansu tun farko.