Jinginar gida a banki: abin da ake faɗa da abin da doka ta ce

A Najeriya, wanda ya jinginar da gidansa ga banki ya kasa biya yakan sha shawara a majalisa da kasuwa. Wadda ta fi yaɗuwa ita ce wai banki ba shi da ikon sayar da gida sai kotu ta yanke hukunci. Rabin maganar gaskiya ne. Idan takardun gida kawai aka ajiye wa banki, babu cikakkiyar yarjejeniyar jingina, lallai sai ya nemi umarnin kotu. Amma in an sa hannu a takardar jingina, dokar Ingila ta 1881 da jihohin Arewa da dama suka gada ta ba shi damar sayarwa da kansa bayan wa'adi ya cika, muddin ya aika wasiƙar neman biya aka yi wata 3 shiru, ko kuɗin ruwa ya taru na wata 2. Wasu yarjejeniyoyin ma sun rage wannan lokaci. Shi ya sa mai zaman jiran sammaci yakan wayi gari ya ga tallar gwanjon gidansa a jarida. Ranar da wasiƙar farko ta iso ya kamata a nemi lauya, a kai masa takardar jinginar, da bayanan asusu, da rasidan biya.

Ana kuma cewa jinginar da babu amincewar gwamna banza ce. Wannan tana da tushe: Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta wajabta amincewar, kuma a 1989 Kotun Ƙoli ta soke wata jingina a kan haka, a shari'ar Savannah Bank da Ajilo. Sai dai neman amincewar nauyi ne a kan mai gidan, don haka wasu kotuna daga baya suka ƙi yarda mutum ya ci kuɗi sannan ya fake da sakacinsa. Ko jinginar ta ɓaci, bashin yana nan.

Batun cewa banki zai sa 'yan sanda su kama mai bashi ba shi da gurbi a doka. Dokar shari'ar laifuka ta 2015 da Dokar 'Yan Sanda ta 2020 sun hana kama mutum kan bashi ko saɓa yarjejeniya, sai in akwai zamba a ciki. Haka kuma ba gaskiya ba ne cewa banki zai riƙe duk kuɗin gwanjo: abin da ya rage bayan bashi da ɗawainiyar sayarwa na mai gida ne. Mutuwa ma ba ta share bashi, kamar yadda fiƙihu ya sa biyansa gaba da rabon gado.

Saura zancen cewa talaka ba ya samun lauya. Hukumar ba da agajin shari'a, wadda aka kafa a 1976, tana duba wanda samunsa bai wuce mafi ƙarancin albashi ba. Ƙarfinta ya fi karkata ga shari'ar laifuka, amma tana ba da shawara da sulhu. Ƙungiyar lauyoyi ta NBA tana da masu aiki kyauta, haka sassan koyar da shari'a na Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello. A Kano da Abuja akwai cibiyoyin sulhu a ƙarƙashin Babbar Kotu, inda ake iya sake tsara biya. Wanda yake zargin an zabga masa cajin da ya wuce ƙa'ida zai fara rubuta wa bankin, in bai gamsu ba ya kai kuka sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Bankin Najeriya. Shigar da ƙara kaɗai ba ta dakatar da gwanjo. Sai alƙali ya ba da umarnin tsayarwa, kuma yakan ce a fara ajiye kuɗin da ake bi a kotu.