Ɗalibai a Zauren Dattawa: Ina Tonon Tarihin Kano Ya Dosa?

A 'yan shekarun nan ɗaliban tarihi, musamman na Jami'ar Bayero, sun rage dogaro da ɗakin karatu kaɗai. Suna kutsawa lungunan birni, su zauna da masu unguwanni da dattawan Kasuwar Kurmi da marinan Ƙofar Mata, ana tambaya ana musu kan yadda jiya ta haifi yau.

Abin ba sabo ba ne. Marigayi Yusufu Bala Usman sai da ya zaga yana hira da dattawa kafin ya fitar da littafinsa na tarihin Katsina a 1981. Wasu abubuwa ne suka ƙara wa wutar itace. Cire darasin tarihi daga manhajar ƙananan makarantu wajajen 2009 ya bar matasa da ƙishirwa. Sai kuma dambarwar sarauta: an raba masarautar Kano gida biyar a 2019, an tuɓe Sarki Muhammadu Sanusi II a 2020, aka soke dokar raba masarautar a 2024. Nan da nan kowa ya zama masanin tarihi a Facebook, ɗalibi mai hankali kuwa ya ga gara ya je ya ji daga tushe. Wayar hannu ma ta sauƙaƙa naɗar murya.

Amfanin ya fi fitowa fili inda tarihi ya taɓa rayuwar yau. Badalar da aka soma a zamanin Sarki Gijimasu, Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa ta, yanzu shaguna da gidaje na cinye ta. Yawancin kududdufan birni ramukan haƙar ƙasar gini ne, su ne kuma ke shanye ruwan damina. Dattijo na faɗin haka, matashin da ruwa ya ci ɗakinsu bara zai gane cewa cike kududdufi ba ci gaba ba ne. Haka zancen Sabon Gari, inda Turawa suka ware baƙi bayan sun ci Kano a 1903. Rabuwar tana nan har gobe.

Amma akwai inda ake taka sawun ɓarawo. Maganar bauta da gandayen sarki, irin na Fanisau, tana iya ɓata aure ko zumunci idan ɗalibi ya yi sakin baki da asalin wani gida. Dattijo kuma, kamar kowa, yakan gyara labari ya fifita kakanninsa, kuma ba kowane ɗalibi ne ke gwada ruwaya da ruwaya ba.

Babban aibin dai a ganina shi ne a ɗebi ilimi da Hausa, a rubuta kundi da Turanci, a jibge shi a kanta ƙura na ci. Ya kamata sassan tarihi su wajabta wa kowane ɗalibi taƙaita bincikensa da Hausa, ya koma unguwar ya karanta a gaban waɗanda suka ba shi labarin, su gyara masa kafin a ba shi maki.