Sulken Sukari na Ƙwayar Kwalara

Duk wanda ya san ƙasar da ke tsakanin Wurno, ribaɗin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello inda aka yi masa makwanci a 1837, da Rabah ta bakin gulbin Sakkwato, da Goronyo inda aka datse gulbin Rima, ya san cewa ruwa ne arzikin mutanenta, da shi suke noman shinkafa da albasa a fadama, kuma ta cikinsa ne annobar amai da gudawa, wato kwalara, kan riske su idan damina ta yi ƙarfi. A 2010 ambaliya ta ci garuruwan yankin Goronyo alhali kwalara na yawo a Arewa, a 2021 kuwa waɗanda suka kamu a Nijeriya sun haura 100,000, jihar Sakkwato na cikin waɗanda abin ya shafa.

Malaman ɗibbu sun daɗe da tabbatar da cewa dafin da ƙwayar kwalara ke zubawa a cikin hanji shi ke tatse ruwan jiki, amma dafi ba ya amfanar ƙwayar da ta halaka tun ba ta isa hanji ba. Abin da ke kai ta can lafiya kuwa, bisa hikimar Mahalicci, wasu sarƙoƙi ne na dangin sukari da suka lulluɓe bayanta kamar sulken mayaƙi. Su ne ke kare ta daga ɗacin matsarmama da makaman kariya na jiki, har ma masu bincike sun ga cewa ƙwayar da aka tuɓe wa wannan sulke ba ta iya kafuwa a hanji yadda ya kamata. Da shi kuma aka rarrabe jinsinta gida fiye da 200, waɗanda biyu kaɗai daga cikinsu, O1 da O139, ke haddasa annoba.

Sai dai abin da ke kare ta shi ke tona asirinta, domin da siffar sukarin nan jiki ke shaida ta idan ta komo. Hujja mafi ƙarfi a kan wannan ta bayyana a 1992 a Madras ta ƙasar Indiya, sa'ad da wata ƙwaya daga zuriyar El Tor, wani reshen O1 da ya iso Afirka ta Yamma tun 1970, ta musanya sukarin bayanta da wani sabo, ta ƙara da wani lulluɓi a kansa, sai ga dattawan da suka sha haɗuwa da O1 tun suna yara suna faɗuwa a Indiya da Bangladesh, alhali dafin bai canza ba ko kaɗan. Wannan ita ce O139. Ko a cikin O1 ɗin, bambancin da ke tsakanin nau'in Ogawa da na Inaba ɗan ƙari ne guda a kan sukarin ƙarshe na sarƙar, shi ya sa masu haɗa rigakafin ɗigawa a baki suke sanya duka biyun.

Mas'alar da ta fi damuna, domin ita ta shafi gidajenmu kai tsaye, ita ce ta wani sukari dabam mai yauƙi da ƙwayoyin ke fitarwa su dunƙule a cikinsa, su manne a jikin mazubi ko a ɓawon ƙananan halittun ruwa, inda maganin kulorin ba ya ratsa su da sauƙi. Saboda haka nake ganin wajibi ne a riƙa goge cikin randa da jarka da sabulu, kada a wadatu da ɗauraya. Tace ruwa ma yana taimakawa: a ƙauyukan Bangladesh, mai bincike Rita Colwell da abokan aikinta sun koya wa mata tace ruwan kogi da tsohon zane mai ninki huɗu ko fiye, wanda ke tare halittun da ƙwayar ke maƙale da su, kuma sakamakon da suka wallafa a 2003 ya nuna kwalara ta ragu da kusan rabi a wuraren da aka bi wannan hanya.